Warƙar da Kande Ta Tafi da Ita Gabas

Azumi ta sauka daga motar kaya a Dutsin-Ma bayan ƙaramar sallar 1959, ana tsakiyar zafin bazara, da ƙunshin tsummoki a ka, da yarinya 'yar shekara shida a hannu, da wani tari da ya biyo ta tun daga ƙasar Sudan. Ba ta san kowa a garin ba. Bar ta garin ma, ƙasar Katsina kakaf ba ta taɓa taka ta ba, sai dai a labari. A Madani aka haife ta, can inda mahajjatan ƙafa suke yada zango su tsinci auduga don su sami guzurin ƙarasawa Makka, sai zangon ya zame musu gari, a haihu a can, a tsufa a can.

Kakarta Kande ce ta rene ta, don uwarta a wurin haihuwarta ta rasu. Kande kuwa irin matan nan ce da za ka yi wa tambaya uku su amsa rabin ɗaya. Duk abin da Azumi ta tsinta daga bakinta cikin shekara kusan talatin bai taka kara ya karya ba. Ita dai 'yar ƙasar Kurfi ce. Ubanta malami ne, ana ce masa Malam Manu. Ta fito da mijinta Hamma a shekarar da Nasara suka shigo, a ƙafa, cikin ayarin masu hijira gabas. Hamma ya mutu da ciwon ciki a ƙasar Wadai, ita kuma ta ci gaba da bin ayari, tana daka da surfe a gidajen mutane, har shekara huɗu kafin ta isa Madani. A nan ta sake aure, ta haifi uwar Azumi. Makka ba ta je ba har ta koma ga Allah, ƙafar ce ta ƙare. Sunan ƙauyensu kuwa, ko dai ba ta taɓa faɗa ba, ko ta faɗa Azumi tana yarinya ta manta, kuma wannan mantuwa ta ci ran Azumi daga baya ba kaɗan ba.

Ranar da Kande za ta rasu ta ciro wani abu ɗinke cikin fata daga wuyanta, wanda kowa ya ɗauka laya ce. Ta ce, "Ba laya ba ce. Ta Malam ce, aro ya ba ni. In kin sami mai zuwa gida, a mayar masa." Da aka farke fatar sai ga warƙa, wato falle ɗaya na Alƙur'ani rubutun hannu, ta yi ja don tsufa, gumi ya ci gefenta. Ai Alƙur'anin malaman ƙasarmu ba a ɗinke yake ba, falle-falle ne, a jera a zuba cikin gafakar fata. Uban ya zare guda daga nasa ya ba ɗiyarsa, don ta san akwai abin da za ta dawo da shi.

Azumi ba ta sami mai zuwa gida ba, sai da zuwan ya zama nata. Mijinta mai haƙar magudanan ruwa ne a gonakin auduga, zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana biyar. 'Ya'yanta maza biyu dama sun riga shi. Danginsa sun yi gaba zuwa Makka tuntuni, ba wanda ya san inda suka faɗa. Aka bar ta da auta, Mairama, da tari. Ranar da ta fara ganin jini a bakin zanenta ba ta yi kuka ba, ta zauna ne ta dubi yarinyar tana wasa da ƙasa. Ta san abin da marainiya mace take zama a unguwarsu in ba ta da kowa, ta ga irinsu da yawa: a ɗauke ta wanke-wanke a gidan da ba a san sunan ubanta ba, daga nan kuma ba a sake jin labarinta. Ta sayar da gadonta da tukwanenta ta hau motar yamma. Wata biyu ta yi a hanya, ta Fallomi, ta Yerwa, ta Kano. Ba gona take nema ba, ba gado ba. Hannun da za ta danƙa wa Mairama kafin ta faɗi, shi kaɗai take nema.

Kwananta biyu a Dutsin-Ma ta yanke jiki ta faɗi a bakin ɗakin shan magani. Wadda ta ɗaga ta ungozomar wurin ce, Lai'atu, Kirista daga kudancin Zariya, mijinta akawu ne a garin. Ta duba ta, ta saurari ƙirjinta, ta kori Mairama waje, sannan ta ce, "Uwar Mairama, ni ba na iya ɓoye-ɓoye. Wannan tarin ya yi nisa. In kina da dangi, ki neme su yanzu, kada ki ce sai kin ji sauƙi."

Azumi ta ce, "Malama, neman nasu ne ya kawo ni."

Lai'atu ta share mata ɗan ɗakin da take ajiye itace, ta ware mata kwano da moɗa nata ita kaɗai, ta ce Mairama ta riƙa kwana da 'ya'yanta. Amma ta gaya mata gaskiya, an canja wa mijinta wurin aiki, da faɗuwar ruwan farko za su tashi, kuma su mutum tara ne a ɗaki biyu, ba wurin ƙara yarinya. Azumi ta ji, ta gane. Kullum da safe sai ta ɗaga kai ta dubi gabas ko hadari ya fara haɗuwa.

Ta naɗe warƙar a farin ƙyalle ta fara bin zaurukan malamai. Nan ne fa ta yi kuskuren da ya ci mata mako biyar, kuma wallahi ba wauta ba ce, kowa a matsayinta haka zai yi. In ta yi sallama aka fito, sai ta durƙusa ta ce, "Gafarta Malam, ko ka san gidan da Alƙur'aninsu ya rasa warƙa guda?" A tunaninta gurbin yana nan yana jiran ta, kamar yadda ta baro shi a bakin kakarta. Ba ta san tambayar zagi ba ce. Wane malami ne zai yarda a ce littafin Allah yana zaune a gidansa da giɓi, ko ya nuna gidan ɗan'uwansa ya ce can ne? Wani ya haɗe rai ya ce a nan garin ba a wasa da Alƙur'ani. Wani ya yi dariya har da tafa cinya. Wani ko warƙar bai bari ta kwance ba, ya ce ya gaji da mutanen gabas masu tallar ruwan rijiya da sunan zamzam. Hausarta ma ba ta taimake ta ba, duk ta cakuɗe da Larabci, tana buɗe baki an san baƙuwa ce. Da ta ce Malam Manu, sai a ce wanne? An ƙirga mata Malam Manu shida da suka mutu tsakanin Dabawa da Kurfi, ta je gidan huɗu a ƙafa, tana tafiya tana hutawa a gindin itatuwa. Ko ɗaya a cikin malaman nan bai tsaya ya tambaye ta abin da take nufi ba, kuma wannan har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Ran nan da yamma iska ta taso da ƙanshin ƙasa, an yi ruwa a wani wuri can kudu. Lai'atu ta fara ɗaure kwanoni cikin buhu, tana yi tana kawar da kai. Azumi ta shiga ɗakin itace ta toshe bakinta da zane ta yi kuka mai isarta, don tsoro ya gama kama ta. Ba mutuwar take tsoro ba, wannan ta riga ta sallama. Abin da take gani shi ne Mairama tsaye a bakin tasha ita kaɗai, mota ta tashi da su Lai'atu.

Ranar kasuwar Kurfi ta roƙi wani direba ya ɗauke ta a bayan mota kan buhuna. Ba malami ta je nema ba wannan karon, ƙyallen ne ya fara yagewa, ta ce bari ta sa a mayar da warƙar cikin fata kada ta lalace a hannunta. Ta sami wani tsohon baduku mai suna Jibo a rumfarsa, gafakoki rataye a bayansa. Shi mai surutu ne, ya tambaye ta daga ina, ta gaya masa, har da tambayar da take yi wa malamai. Ya ajiye basillarsa ya dube ta.

Ya ce, "Baiwar Allah, wa ya ce maki ana barin gurbi? Ko kwana bakwai ba a yi. In warƙa ta ɓata, sai a sami takarda a rubuta wata a saka. Ba mai giɓi za ki nema ba, mai baƙuwar warƙa za ki nema, wadda farinta da tawadarta suka saɓa da na sauran."

Azumi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mako biyar, ga numfashi yana ƙarewa.

Jibo ya karɓi ƙyallen, bai taɓa takardar ba, ya auna tsawonta da faɗinta da yatsu. Ya ce malamai karatu suke yi, shi kuwa girman takarda yake gani, don shi ke yanka mata riga. Wannan gajera ce mai faɗi, ba a cika samun irinta ba. Bara waccan ya sake wa wani Alƙur'ani mai wannan girma gafaka, na gidan Malam Dalhatu a Rawayau, kuma da yake jera shi ya ga falle ɗaya a tsakiya da bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Ya ce, "Ban ce shi ne ba fa. Na ce dai na gani."

Washegari ta kama hannun Mairama suka nufi Rawayau. Wani mai jaki ya tausaya ya ɗora yarinyar, ita tana biye tana tari. Sun isa bayan azahar, manoma suna ta sharar gona suna ƙona kara.

Malam Dalhatu mutum ne mai kimanin shekara hamsin, mai taka-tsantsan, ba mugu ba. Ya saurare ta daga bakin zaure har ta gama. Da ta ce Malam Manu, ya ce kakansa ne. Ya shiga ya yi alwala, ya fito da gafaka, ya shimfiɗa buzu, ya yi ta ɗaga fallaye a hankali har ya iso cikin Suratu Yusuf. Ga ta nan, baƙuwar warƙa, fara fiye da sauran. Ya zare ta ya sa ta Azumi a wurin. Ya karanta ƙarshen ta baya, ya zarce cikin tata, ya fita ta gaba, ba inda ya yi tuntuɓe. Hannu ɗaya ne, tawada ɗaya, har jan wasalin.

Sannan ya ciro wasu takardu daga ƙarshen gafakar, inda Malam Manu yake rubuta haihuwa da aure da mutuwar gidansa da ajami, ɗansa Tukur ya ɗora, shi ma Dalhatu ya ɗora. Ya bi da yatsa yana karantawa a fili. Hadizatu, wadda ake kira Kande, an haife ta da kaka, bayan maza uku. An ɗaura mata aure da Hamma. Ta haifi mace, an sa mata Rakiya. Ta tafi gabas da mijinta ranar Laraba, na ba ta warƙa guda, Rakiya tana wurin yaye a ɗakin kakarta. Daga nan babu sauran komai a kan Kande. Duk 'yan'uwanta a takardar an rubuta ranar mutuwarsu, ita an bar wurin fari.

Azumi ta ce, "Malam, sake karanta mini. Ta haifi wa?"

Ya sake. Ita duk zamanta da kakarta ba ta taɓa jin an ce akwai wata ɗiya da aka bari a baya ba.

Dalhatu ya mayar da takardun ya ɗaure gafaka. Ya ce, "Baiwar Allah, warƙa tamu ce, ba shakka, Allah ya saka maki da kika kawo ta. Ke ce ban sani ba. Hanyar gabas ta ci mutane da yawa, kuma abin da ke wuyan mamaci kowa na iya cirewa. Sunan Kande da na Malam Manu, duk wanda ya zauna da ita zai ji. Ga shi kin ce ita ta rene ki, amma ba ki san tana da ɗiya ba."

Ta rarrafa ta kama gefen buzunsa, abin da mace ba ta yi. Ta ce, "Malam, ni ban ce a ba ni ɗaki ba. Ni tafiya zan yi, kana jin ƙirjina. Yarinyar nan kawai. Ko a bakin murhu ne a ajiye ta, in dai za a ce ta gidan ce."

Ya janye buzun a hankali. Ya ce shi ba zai sa baƙuwa cikin zuriyar Malam Manu da bakinsa ba, ba kuma zai kore ta da bakinsa ba. Rakiyar tana nan da rai, ita ce ake kira Gwaggo, tana cikin gida. In ta karɓa, an karɓa.

Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, tsohuwa 'yar firit, ta kusa sittin. Labari ya riga su shiga, matan gida sun yi cirko-cirko a bakin madafa. Azumi ta ga goshin kakarta da hancinta a fuskar matar, ta durƙusa tun daga nesa. Gwaggo ba ta amsa gaisuwa ba, ba ta kuma daina murza mazari ba. Ta ce tana da shekara biyu aka kai ta yaye, ta koma ba ta tarar da uwa ba. Aka ce mata sun je Makka, baɗi za su dawo. Har aka yi mata aure, in ta ji an ce ga alhazai sun sauka a Kurfi, sai ta saci jiki ta je ta leƙa fuskokin matan. Ta faɗi wannan duka ba tare da muryarta ta motsa ba, sannan ta ɗago.

"Ke ɗiyar nan, tambaya ɗaya zan yi maki. Shekara talatin kuna ɗaki ɗaya. Ta taɓa kiran sunana?"

Azumi ta san amsar da za ta buɗe mata ƙofa, a ganinta. In ta ce kullum, in ta ce da sunanki a bakinta ta cika, wa zai ƙaryata? Kande tana cikin ƙasa a Madani. Mairama tana manne da bayanta, tana jin ɗumin numfashinta. Ta buɗe baki da niyyar ƙaryar, wallahi da niyyarta ta buɗe, sai ta dubi idon tsohuwar ta kasa. Ta sunkuyar da kai, ta san ta kashe 'yarta da hannunta.

Ta ce, "Gwaggo, ba ta taɓa ba. Ko sau ɗaya. Yau na fara jin akwai ki."

Mazarin ya tsaya.

Gwaggo ta ce, "A unguwarku can, akwai mai suna Rakiya?"

Azumi ta yi mamakin tambayar. Ta ce akwai, maƙwabciyarsu ce ma, katanga ɗaya, mai tuyar ƙosai.

"Yaya take kiran ta?"

Azumi ta yi tunani, ta sake tunani. Ta ce, "Mai ƙosai take ce mata. Ko ta ce matar gidan can. In an aiko a tambayi sunan matar, sai ta ce mini ke faɗa masu. Mu duk mun ɗauka wata tsohuwar gaba ce tsakaninsu."

Gwaggo ta ajiye mazarin a cikin tasa. Ta ce, "Ni ɗiyar fari ce. Da wane baki za ta kira ni? Da kin ce ta kira, da yanzu kina hanyar Kurfi." Ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ba sauti. Matan gidan suka sunkuyar da kai, don kowacce a cikinsu tana da sunan da ba ta faɗa. Fiye da shekara hamsin, a wata ƙasa inda ba wanda ya san ta haihu balle ya ga rashin kunyarta, Kande ta riƙe wa ɗiyarta kunyar ɗan fari.

Da Gwaggo ta buɗe fuska sai ta miƙa hannu wajen Mairama. "Zo nan in ga kan nan naki. Wa ya yi maki wannan kitso kamar an yi da ƙafa?" Yarinyar ta dubi uwarta, uwar ta tura ta da hannu biyu.

An yi ruwan farko bayan kwana huɗu, su Lai'atu suka tashi, ta aiko da kwalbar magani ta hannun direban Kurfi. Azumi ta ga shuka, ta ga noman farko daga kan tabarma a ƙofar ɗakin Gwaggo, ba ta ga gero ya fid da kai ba. Bayan an dawo daga maƙabarta Malam Dalhatu ya ɗauko takardun ya cike wurin da kakansa ya bari fari, ya rubuta cewa Kande ta rasu a Madani ta ƙasar Sudan. A ƙarƙashi ya sa Azumi jikarta da ranar rasuwarta, sannan ya aika cikin gida a tambayo masa Gwaggo shekarun Mairama.